Daga Filin Makaranta Zuwa Ƙofar Mata: Tarihin Renon 'Yan Ƙwallo a Kano

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo ƙwallon ƙafa cikin littafin tarihi da al'adu, alhali ga dambe da kokawa da langa waɗanda muka gada kaka da kakanni? Amsata ita ce, wasan da ya yi kusan shekara ɗari ana buga shi a ƙasa, har yaron da bai shiga firamare ba ya san dokokinsa, to ya riga ya zama ɗan gida. Abin da nake son bin diddiginsa a wannan maƙala shi ne hanyar da yaro ke bi tun daga ƙwallon tsumma a lungu har ya kai ga sa rigar babbar ƙungiya: ta ina hanyar ta bi a da, su wa suka share ta, kuma a daidai ina ta yanke. Na fi karkata ga Kano domin a nan na tashi, a nan kuma na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, ko da yake tilas mu leƙa Kaduna da Jos, har ma da ƙasashen waje. Malaman makaranta na fi nufi da wannan rubutu, domin kamar yadda za a gani, da su tsanin ya fara.

Makaranta ce mafari

Ta ƙofa uku tamaula ta shigo ƙasar nan, wato makarantar boko da barikin soja da jirgin ƙasa. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sannan Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, ta biyo baya a 1927. Turawan da suka riƙe waɗannan makarantu sun ɗauki wasannin yamma da muhimmanci kamar darasin aji, don haka duk ɗalibin da ya fito ya san ƙwallo ko yana so ko ba ya so. A ɗaya gefen kuma ma'aikatan jirgin ƙasa da akawunan kamfanoni da suka zauna a Sabon Gari suka kafa ƙungiyoyinsu. Da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya ta zama Kofin Ƙalubale, ƙungiyoyin Legas ne suka yi ta ɗauka har shekara takwas a jere, sai a 1953 'yan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1 suka fitar da kofin daga Ikko a karon farko.

Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 mun tarar da tsanin a tsaye, ko da yake a lokacin ba mu san tsani ba ne. Yaro zai fara a lungu, da ƙwallon tsumma ko na roba, duwatsu biyu su ne raga. Idan ya shiga makaranta, akwai malamin wasanni da zai tsaya a bakin fili da usur bayan la'asar, ya ware masu ƙafa daga masu gudu kawai. A sakandare kuwa akwai gasar gidajen kwana, daga ita a zaɓi 'yan wasan makaranta, kuma kusan kowace makarantar kwana tana da tawaga biyu, ta manya da ta ƙanana, ta yadda ɗan aji biyu ba zai haɗu da ƙaton aji biyar ya karya shi ba. Daga makarantu a zaɓi na jiha, waɗanda ake kira Academicals, su je su kara da na sauran jihohi a Kofin Manuwa da Adebajo. Waɗanda suka yi fice a can su ake haɗawa su fuskanci takwarorinsu na Gana.

Abin lura a nan shi ne, a kowane mataki akwai babba da ya san yaron. Malamin wasanni ya san shekarar da ya shiga aji ɗaya, ya san mahaifinsa, ya san ko yana zuwa aji. Wanda ya faɗi jarrabawa sau da yawa akan cire shi daga tawaga har sai ya gyara, kuma na ga yaran da tsoron wannan hukunci kaɗai ya sa suka koyi lissafi.

Ƙungiyoyin ma'aikatu da kamfanoni

Matakin da ke biye da makaranta shi ne wanda matasan yanzu ba su sani ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin. Bayan an fara gasar lig ta ƙasa a 1972, wadda Mighty Jets ta Jos ta fara lashewa, ƙungiyoyi da yawa na kamfanoni ne ko na ma'aikatu ko na attajirai. A Kano akwai Raccah Rovers da WRECA ta hukumar ruwa da gine-gine da ta Bank of the North. A Kaduna akwai ta masaƙar UNTL da DIC Bees, wadda ta koma Ranchers Bees. Yaron da ya gama sakandare yana da ƙafa, sai irin waɗannan ƙungiyoyi su ɗauke shi, sau da yawa har da ɗan aikin akawu ko na sito, yana karɓar albashi a ƙarshen wata. Ba a ranar da ya zo ake jefa shi cikin manya ba. Yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana atisaye da su, yana ɗaukar musu jaka, yana buga wasan share fage kafin a fara babban wasa, 'yan kallo suna shigowa suna ganinsa. Waɗannan su ne 'yan rizab, wato 'yan ƙungiya ta biyu. Ranar da wani babba ya ji rauni, koci ba ya neman kowa daga nesa, ya san wanda zai kira.

Amfanin wannan zama a bayan manya ba ƙarami ba ne. Ɗan shekara 17 yana iya fin ɗan shekara 27 iya yanka da gudu, amma bai san inda zai tsaya ba idan ƙwallo ba ta ƙafarsa, bai san yadda zai kare jikinsa daga mai tsaron bayan da ya yi niyyar mugunta ba, kuma bai saba da ihun mutum dubu goma ba. Ba a koyon waɗannan a atisaye. Sai an buga wasa na gaske, mako bayan mako, da waɗanda suka ɗan fi ka amma ba su fi ƙarfinka ba.

Ina saurayi Raccah Rovers ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 1978. A watan Afrilu na shekarar ne kuma ta kara da Fluminense ta Burazil a Kaduna, inda Pele da kansa ya sa rigar baƙin ya buga. Har yau akwai dattawa a Fagge da za su ba ka labarin wannan rana kamar jiya aka yi, kuma kowannensu zai rantse maka yana kusa da layi.

Yadda tsanin ya fara karyewa

Abu biyu suka haɗu. Na farko shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976. Shirin alheri ne, ba mai musun haka, sai dai yara sun yi wa azuzuwa yawa, aka raba karatu na safe da na yamma a makarantu da dama, lokacin wasa ya tafi. Inda aka rasa wurin ƙarin azuzuwa kuma sai aka waiwayi fili. Akwai wata makaranta a cikin gari da na buga wasa a filinta ina yaro. Da na koma bayan shekaru sai na tarar an yi azuzuwa a rabi, ɗaya rabin kuma an jera kantuna sun ba makarantar baya. Na biyu shi ne matsin tattalin arziki da shirin SAP na 1986. Kamfanin da ke sallamar ma'aikata ba zai riƙe 'yan ƙwallo ba, kuma idan za a rage kashe kuɗi, 'yan rizab ake fara sallama domin ba su ke kawo kofi ba. A 1990, shekarar da aka fara lig ɗin ƙwararru, aka narkar da WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars, a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima. Haɗakar ta ba mu ƙungiya mai ƙarfi, wadda ta ci lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma wanda ya ƙirga zai ga ƙofa uku da yaro zai iya ƙwanƙwasawa sun koma ɗaya.

A daidai wannan lokaci ne kuma muka samu nasarar da ta ɗauke mana hankali daga ɓarnar. Ranar 11 ga Agusta 1985, a birnin Beijing na ƙasar Sin, yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16, a ƙarƙashin koci Sebastian Brodericks da kyaftin Nduka Ugbade, suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema suka ɗauki kofin duniya na 'yan dagaji na farko. An sake ɗauka a Japan a 1993, da Koriya ta Kudu a 2007, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013 a hannun Manu Garba, da Chile a 2015. Sau biyar ke nan. Amma babbar tawagar ƙasa ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar kofin duniya ba, inda ta tsaya a 1994 da 1998 da 2014. Duk mai son fahimtar tarihin ƙwallonmu, to ya ajiye waɗannan lissafi biyu kusa da juna ya dube su.

Tun daga 1985 tunaninmu ya koma kan gasa. A tara yara a sansani na wata biyu ko uku, a je a ciwo kofi, a yi musu kyauta, a watse. Ko a gida haka abin yake. Kofin Ramat da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano a watan Fabrairu, don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, ya yi wa ƙasar nan hidima ƙwarai, kuma ina cikin masu zuwa kallonsa. Sai dai gasa ce ta kwanaki. Yaron da ya burge mutane a ranar ƙarshe, idan ka neme shi bayan wata uku, za ka same shi a filin unguwarsu ba wanda ke bibiyarsa. Gasa tana nuna mai baiwa, renonsa kuwa aikin shekara uku ne ko huɗu.

Batun shekaru

Ba zan tsallake wannan ba, domin ni ma ina da hannu. Idan kofi ne abin nema, to babba cikin yara shi ne hanya mafi sauƙi. A 1989, shekarar da Flying Eagles suka farke ci 4 a hannun Tarayyar Sobiyet a Dammam, hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da aka kai gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. Da wannan hukunci muka rasa karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. A 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu, domin akwai wata gaɓa a wurin da ba ta gama haɗewa sai yaro ya kai wajen shekara 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa da Jamhuriyar Nijar, maƙwabtan namu kuwa suka fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya.

Nawa laifin ga shi. Wajen tsakiyar shekarun 1990 wani maƙwabcina ya yi mini sallama da daddare tare da ɗansa. Bayan mun gaisa ya ce, "Alhaji, yaron naka ne aka kira gwaji, sun ce 'yan ƙasa da sha bakwai suke so. Ka san hanyar takardu, a taimaka a gyara masa." Na dubi yaron, na ce, "Kai, ba shekarar da aka yi wa Murtala rasuwa aka haife ka ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Na san gaskiya sarai, amma kunyar maƙwabtaka ta hana ni cewa a'a, na nuna musu inda ake yin takardar rantsuwar shekaru. An ɗauke shi, ya yi shekara biyu yana haskawa a cikin ƙannensa, daga nan ya tsaya cak, domin abin da ake zaton somin-taɓi ne ashe iyakarsa ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ban sani ba, mai shekara 16 na gaskiya, wanda aka mayar gida don a ba namu wuri.

Abin da muka gani a 1999

Gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da muka rasa a 1991 ta zo mana a 1999, kuma Kano da Kaduna da Bauchi suna cikin garuruwan da aka buga. Ina cikin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Nijeriya ta fitar da Ireland da bugun fenariti, cikin zafin watan Afrilu. Mali ta cire mu a wasa na gaba. Sifaniya ce ta ɗauki kofin bayan ta ci Japan 4 da nema a Legas, kuma a kan hanyarta ta buga da Gana da Mali a Kaduna. Cikin yaran da suka zo akwai Xavi da Iker Casillas da Carlos Marchena. Bayan shekara 11, su ukun suna cikin tawagar da ta ɗauki babban kofin duniya a Afirka ta Kudu.

Dalilin kawo wannan shi ne a ga inda yaran suka koma da suka bar Legas. A Sifaniya manyan ƙungiyoyi suna da ƙungiya ta biyu da ke buga lig na gaske a ƙananan rukunai, tare da magidanta masu neman abincinsu, sharaɗin kawai ba za ta hau rukuni ɗaya da uwarta ba. Xavi ta Barcelona B ya bi, Casillas kuma ta ƙananan ƙungiyoyin Real Madrid. Ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi ya kai a 1980 Castilla, ƙungiya ta biyu ta Real Madrid, ta je wasan ƙarshe na Kofin Sarki ta haɗu da uwar tata, aka ci ta 6 da 1. Ingila ta bi wata hanyar: lig na 'yan rizab daban tun 1911, kofin matasa tun 1952, da kuma bayar da aron yaro ga ƙaramar ƙungiya, kamar yadda Manchester United ta tura David Beckham Preston a 1995. Hanyoyin sun bambanta, amma dukansu suna tabbatar da cewa tsakanin shekara 17 da 21 yaro yana da wasa kowane mako, kuma akwai wanda ke rubuta yadda ya yi.

Idan aka duba namu da suka yi nisa, za a ga yawancinsu wannan matakin suka samu, ko a waje ko bisa sa'a. Nwankwo Kanu ya tafi Ajax bayan Japan 1993, Celestine Babayaro ɗan Kaduna ya tafi Anderlecht, su biyun suka ci zinare a Atlanta a 1996. Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a Chile, ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ɗaya ba a lig, sai da aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018, yana buga wasa a kai a kai, sannan ya dawo hayyacinsa, har ya zama gwarzon Afirka a 2023. Ahmed Musa kuwa a gida ya hau tsanin: daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, aka ba da aronsa ga JUTH, daga nan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, kafin ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Sani Kaita ma daga Pillars ya je gasar matasa ta 2005, inda Ajantina ta Messi ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe. Waɗannan su muke ambata. Waɗanda suka ɗaga kofi tare da su suka ɓace sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma ba dukansu ne suka yi ƙaryar shekaru ba.

Makarantun ƙwallo da rajista

Gurbin da makarantun gwamnati da kamfanoni suka bari, makarantun ƙwallo masu zaman kansu ne suka shiga, tun daga ta Pepsi da Kashimawo Laloko ya kafa a 1992, wadda Mikel Obi ya bi ta reshenta na Jos. Wasunsu suna aiki tsakani da Allah. Wasu kuwa kasuwa ce kawai, burinsu a fitar da yaro waje ko ta halin ƙaƙa, iyaye su sayar da fili ko gona su biya dillali. Ya kamata iyaye su san cewa dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyarsa ta Holan. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu a kwantiragi, to a bincike shi da kyau.

Akwai kuma wata doka da ƙungiyoyin unguwa da yawa ba su amfana da ita. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma sai ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallo, kuma sunan yaron yana rubuce a ƙarƙashinta da shekarun da ya yi. Kocin da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa a filin Mahaha, idan bai rubuta ba, ranar rabo ba shi da hujja.

Wannan ya dawo da ni kan malamai. Babu na'urar da ta kai rajistar aji ɗaya tabbatar da shekarun yaro, domin ranar da aka rubuta ta ba wanda ya san zai yi ƙwallo. Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwar tsohon malaminmu na wasanni, Allah ya jiƙansa, sai babban ɗansa ya fito mini da wani littafi mai bangon kwali da aka samu a akwatinsa. Kowane shafi yaro ɗaya ne: sunansa, unguwarsu, shekarar da ya shiga makaranta, ƙafar da yake bugu da ita, da wasannin da ya buga da kwanan wata. Na sami nawa shafin a wajen tsakiya. A ƙasa ya rubuta da jan biro cewa ina da gudu amma ina tsoron karo, a bar ni a tawaga ta biyu zuwa baɗi.